Barkwancin cin fuska: me sauran mutanen wurin suke yi, kuma me ya kamata su yi?

Malam Nura:
Assalamu alaikum jama'a. Ana zaune a wurin aiki, ko a aji, ko a zauren WhatsApp, sai wani ya saki barkwanci a kan mata, ko wata ƙabila, ko mabiya wani addini, ko masu naƙasa. Irin wanda abin dariyar cikinsa shi ne wai mutanen nan dolaye ne, ko ɓarayi, ko ƙazamai. Ba mai barkwancin nake so mu duba ba, an sha magana a kansa. Sauran mutanen wurin nake nufi. Tun 1905 Sigmund Freud ya lura cewa irin wannan barkwanci mutum uku yake buƙata: mai faɗa, wanda ake yi da shi, da na uku wanda ake so ya dara. Wanda ake yi da shi ba dole ya kasance a wurin ba, amma na ukun nan dole ne, in babu shi abin ya koma zagi tsagwaronsa. To na ukun nan me yake yi a zahiri, kuma me ya dace ya yi?

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malam. A zahiri abin da yake yi bai kai abin da yake zaton zai yi ba. A 2009 Kerry Kawakami da abokan aikinta sun yi gwaji a Jami'ar York da ke Toronto a Kanada. Za a shigar da ɗalibi ɗaki ya tarar da mutum biyu, baƙar fata da farar fata, bai san an haɗa baki da su ba. Baƙin zai tashi ya fita, ya ɗan gogi gwiwar farin a hanya, yana fita farin ya yi furucin wariyar launin fata a kansa. Waɗanda aka bayyana wa lamarin aka ce su yi hasashe sun ce ransu zai ɓaci ƙwarai, kuma za su guji mutumin. Waɗanda aka yi a gabansu kuwa ransu bai wani ɓaci ba, da aka ce su zaɓi abokin aiki kashi 63 cikin 100 mai furucin suka zaɓa.

Kafin nan, a 1999, Janet Swim da Lauri Hyers sun gwada da ɗalibai mata. Kashi 81 cikin 100 suka ce za su mayar da martani in namiji ya yi maganar raina mata a gabansu. Da aka yi da gaske, kashi 45 ne suka tanka, mafi yawansu ma a kaikaice. Ku lura, duka biyun nan magana ce ƙiri-ƙiri. In aka naɗe ta cikin raha, masu tankawa raguwa suke ƙara yi: Julie Woodzicka da abokan aikinta sun nuna a 2015 cewa mutane na ganin barkwanci bai kai a tanka masa kamar magana kai tsaye ba.

Aminu:
Dakta, da girmamawa, ni ina ganin ana kambama abin. Wasa ne fa. Wanda ba ya ƙin mata ba zai wayi gari yana ƙinsu don ya ji barkwanci ba. In kowace raha sai an kafa mata kotu, zama da mutane zai gagara.

Malama Hadiza:
Aminu, rabin maganarka daidai ce, kuma masu binciken ma sun yarda da ita. Barkwanci ba ya dasa ƙiyayya a zuciyar da babu ita. Abin da yake yi shi ne buɗe wa wadda take ciki ƙofa. Wannan shi ne bayanin Thomas Ford da Mark Ferguson na 2004. Mai ƙiyayya yakan danne ta saboda ya san wurin da yake ba za a lamunta ba. Idan aka yi barkwancin aka dara, sai ya fahimci cewa a nan an sassauta. A 2008 Ford da abokan aikinsa sun nuna wa maza barkwancin raina mata, wasu kuma aka nuna musu na yau da kullum, sannan aka ce su rage kasafin kuɗin ƙungiyoyin ɗalibai. Waɗanda dama suna da ƙiyayyar mata, suka kuma kalli na raina matan, su suka fi zaftare kason ƙungiyar mata. Waɗanda ba su da ita barkwancin bai motsa su ba.

Kai da ba ka da komai a ranka, dariyarka ba kai take canzawa ba, na gefenka take ba wa izini. Wargi wuri yake samu.

Aminu:
To na ji wannan. Amma in da gaske mutane ba sa jin daɗin abin, me ke hana su magana? Ba mai riƙe musu baki.

Malam Nura:
Juna suke riƙe wa baki, ba tare da sun sani ba. A 1968 Bibb Latané da John Darley sun zaunar da ɗalibai suna cike takarda, sai aka fara turo hayaƙi cikin ɗakin. Wanda yake shi kaɗai, kashi 75 cikin 100 sun tashi sun kai rahoto. Da aka zaunar da mutum tare da wasu biyu da aka umarta su yi kamar ba su gani ba, kashi 10 ne kawai suka tashi. Kowa na satar kallon fuskar ɗan'uwansa, ya ga ba damuwa, sai ya ce ashe ni ne mai tsoro, shi ma ya gyara fuska. Na gefe kuma fuskar da ya gyara ɗin yake karantawa.

Daga baya suka zayyana matakai biyar da mutum ke bi kafin ya sa baki: ya lura da abin, ya yanke cewa matsala ce, ya ji alhakin a kansa yake, ya san abin da zai yi, sannan ya yi. A 2008 Leslie Ashburn-Nardo da abokan aikinta suka ɗora wannan tsari a kan maganar nuna wariya. Barkwanci a mataki na biyu yake kayar da mutane. Kafin ka gama tambayar kanka "shin da gaske yake ko wasa ne, shin ni ne na cika ɗaukar zafi", an yi dariyar an wuce wani zance. Wanda ya tsallake wannan sai ya maƙale a na huɗu: ransa ya ɓaci amma ba shi da kalmar faɗa.

Dakta Bashir:
In ƙara kan dariyar kanta. Robert Provine, wanda ya daɗe yana nazarin dariya a Amurka, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai, kuma mafi yawan dariyar hira ba ta biyo bayan wani abin ban dariya na gaske ba. Alama ce ta "ina tare da ku". Shi ya sa za ka ga mutum shida sun dara, biyu ne abin ya ba dariya, sauran yaƙe ne. Amma mai barkwancin ba ya rarrabewa, shida ya ƙirga.

Hajiya Rabi:
Malamai sun yi bayanin dalili, bari in shiga yadda ake yi. Lokacin da kake da shi ɗan kaɗan ne, daƙiƙoƙin da ke tsakanin ƙarshen barkwancin da shiga sabon zance. Ba a tsara jawabi a wannan tsakanin. Sai dai ka riga ka tanadi jimla ɗaya ko biyu da suka dace da bakinka, ka maimaita su kai kaɗai har su zauna.

Mafi sauƙi shi ne ka hana dariyarka. Kada ka sunkuyar da kai kan waya, domin wannan kamar ba ka ji ba ne. Ka dubi mai maganar da fuskar da ba murmushi ba kuma ɗaure fuska, na ɗan lokaci, ya san ka ji. Sama da wannan sai gajeriyar magana da sunan kanka: "Ni dai wannan bai ba ni dariya ba." "Haba, mu bar irin wannan." "Wannan ya yi nauyi." Ka faɗa da muryar hira, sau ɗaya, sannan kai da kanka ka ɗauko wani zancen. Mutane na manta wannan na ƙarshen, alhali shi ne mai muhimmanci. In ka faɗa ka tsaya kana jiran amsa, ka buɗe filin gardama, shi kuma dole ya kare kansa a gaban mutane. In ka faɗa ka wuce, ka ba shi hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya sosai ba.

Inda aka fi ɓata abin shi ne a kama mutumin maimakon maganar. "Kai mai ƙabilanci ne" zai sa a kwana ana muhawarar ko shi mai ƙabilanci ne, ya lissafo abokansa na ƙabilar, barkwancin kuma a manta da shi. "Maganar nan ta raina mutane" ba ta da wannan mafitar. Na biyu shi ne doguwar lacca. Da ka wuce jimla uku, waɗanda suke bayanka a zuci sun fara gajiya da kai.

Akwai kuma tambaya: "Ban gane ba, ina abin dariyar?" Sai ya fassara, in ya fassara kuwa dole ya furta raina mutanen da bakinsa.

Ummi:
Hajiya, a kan ta ƙarshen nan ina da ja. Tana aiki a kan wanda ke da kunya. Marar kunya zai fassara miki dalla-dalla yana ƙara gishiri, a sake sabuwar dariya. In akwai ɗan rukunin da ake yi da su a zaune, kin sa ya ji cin fuskar sau biyu. Ni a ganina kada a yi wannan tambaya sai in ba ya wurin.

Wani kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi: da an yi barkwancin sai duk a juya a dubi wadda abin ya shafa, ana jiran a ga yadda za ta yi. Ko a ce "kai, ka manta wance na nan?" Wannan ya mayar da ita ita ce matsalar, kuma ya nuna cewa da ba ta nan ba laifi. Sannan an tilasta mata zaɓi: ko ta yi yaƙe ta ce ba komai, ko ta zama mai ɓata wa mutane hira. Mai tankawa ya tanka don shi abin bai yi masa ba, ya bar ta ta zaɓi ko za ta yi magana.

Hajiya Rabi:
Na karɓi gyara a kan tambayar, 'yata. In mutumin na wurin, gajeriyar magana ta fi. Daga baya kuma a same shi a keɓe a ce "na ji abin da aka faɗa, bai dace ba, kana so in yi wani abu?" A tambaye shi kafin a kai ƙara ko'ina, domin shi zai zauna da abin da zai biyo baya.

Malam Nura:
Akwai mutumin da ba mu ambata ba, kuma ni a wurina ya fi na farko tasiri: mai magana ta biyu. A gwaje-gwajen Solomon Asch na shekarun 1950, an sa mutum cikin rukunin da kowa ke ba da amsar da ido na ganin kuskure ce, a kan tsawon layuka. Mutane sun bi rukunin a kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshinsu. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi daidai, bin rukunin ya faɗo zuwa kusan kashi 5 cikin 100. Fletcher Blanchard da abokan aikinsa sun samu makamancin haka a farkon shekarun 1990: ɗalibin da ya ji wani ya la'anci wariyar launin fata shi ma sai ya fi ƙarfafa nasa ra'ayin, wanda ya ji an yi sassauci shi ma sai ya sassauta.

Don haka wanda ba zai iya fara magana ba yana da aikin yi. Da wani ya ce "mu bar wannan", ka ce "gaskiya ne" nan take. Kalma biyu. In ba a samu wannan ba, na farkon ya zama shi kaɗai, mai barkwancin ya ce "kai dai ba ka san wasa ba", sauran su yi dariyar sauke nauyi, kuma gobe na farkon ba zai ƙara ba. Abin takaici shi ne masu zuwa bayan an watse su ce "wallahi ka yi daidai". A lokacin ake buƙatarta.

Aminu:
Duk wannan tsakanin sa'o'i ne. In shugabanka ne a wurin aiki fa? Ko wanda ya girme ka nesa? Kuma ku faɗi gaskiya, mai tankawa baƙin jini yake yi.

Malama Hadiza:
Yana yi, ba a ɓoye wannan. A 2006 Alexander Czopp da Margo Monteith da Aimee Mark sun gwada: waɗanda aka tanka wa sun ji haushin wanda ya tanka, musamman in da zafi ya yi, amma daga baya sun rage irin waɗannan furuce-furuce, ko da zafi aka yi ko da laushi. Ma'ana kada ka auna nasara da fuskar mutumin a lokacin. Zai murtuke, zai musa, gyaran sai ba ka nan yake fitowa. Tunda duka biyun suna aiki, laushin ya fi arha.

Kuma farashin ba ɗaya ba ne ga kowa. Cheryl Kaiser da Carol Miller sun nuna a 2001 cewa wanda ya ce an nuna masa wariya ana ɗaukarsa mai yawan ƙorafi, ko da hujjar a fili take. Wanda ba ɗan rukunin ba kuwa ba a iya cewa kansa yake karewa, shi ya sa maganarsa ta fi shiga. Namiji ya tanka barkwancin raina mata, mai lafiya ya tanka na masu naƙasa. Wanda abin bai shafa ba shi ya fi kowa sauƙin magana, kuma shi ya fi kowa cewa ba ruwansa.

Batun shugaba: a gaban ma'aikata ka tsaya kan hana dariya da sauya zance zuwa aiki. Maganar a keɓe ake yin ta, a ranar ko washegari, kafin ya ce bai tuna ba. Ka kawo ta ta fuskar abin da ya dame shi: "Ranka ya daɗe, maganar ɗazu na lura ta sa wasu sun yi shiru har aka tashi, ina gudun kada a ɗauke ta ba yadda ka nufa ba." In abin ya zama ɗabi'a, ka fara rubutawa: rana, lokaci, wuri, ainihin kalmomin, da waɗanda ke wurin. Kalmomin, ba fassararka ba. Ƙorafin da ya ce "yana yawan raina mata" a nan yake mutuwa, wanda ya kawo ranaku uku da abin da aka faɗa a kowace ana iya bincikarsa. Kuma ku je ku biyu ko uku wurin sashen kula da ma'aikata, ya fi wuya a ce ƙiyayya ce ta mutum ɗaya.

Dakta Bashir:
Aminu, shirun ma ba kyauta ba ne. Heather Rasinski da abokan aikinta sun gano a 2013 cewa waɗanda ke ganin tankawa na da muhimmanci, suka samu dama suka yi shiru, daga baya sai suka riƙa ganin mai maganar bai kai haka muni ba, suka kuma rage muhimmancin da suke ba tankawar. Zuciya ba ta son ta riƙe "abin ya yi muni" da "ban ce komai ba" a tare, sai ta sauke na farkon.

Kada kuma a ɗauka taro kullum kurma ne. Richard Philpot da abokan aikinsa sun duba hotunan kyamarorin tsaro na rigingimu 219 a titunan Lancaster a Ingila, da Amsterdam, da Cape Town. A tara cikin goma an samu wanda ya shiga tsakani. Inda cutarwa ta fito fili mutane na motsawa. Ƙarfin barkwanci shi ne ya hana ta fitowa fili.

Ummi:
A intanet abin ya fi tsanani. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum har 1,024. Wani ya turo, biyar su sa alamar dariya, ɗaruruwa su karanta su wuce. Ba fuskar da za a karanta, don haka hana dariyar da Hajiya ta faɗa ba ya aiki, shirunka ba a ganinsa sam. Ko ka rubuta, ko ba ka nan.

Abin da aka gwada: Kevin Munger ya ƙirƙiri asusun bogi a Twitter da ke yi wa masu zagin baƙar fata gajeriyar tunatarwa cewa akwai mutane na gaske da maganar ke cutarwa. Sakamakon da ya wallafa a 2017 ya nuna zagin ya ragu ne idan asusun ya yi kama da ɗan rukunin mai zagin, farar fata, kuma mai mabiya da yawa. A 2021 Dominik Hangartner da tawagarsa a Zurich suka gwada hanya uku: mayar da raha, gargaɗi kan abin da zai biyo baya, da sa mutum ya ji yadda wanda aka zaga yake ji. Ta ukun ce kaɗai ta yi tasiri, shi ma ɗan kaɗan.

A aikace: amsa ɗaya a zaure, gajera, don masu karatu su ga ba kowa ya yarda ba. Sauran a saƙon sirri, kuma wanda mai turowar ke jin nauyinsa ya fi dacewa ya yi. Kada a ɗauki hoton allo a yaɗa wasu zaurukan da sunan fallasa, an ƙara wa barkwancin masu karatu ne kawai. Mai kula da zaure yana da ikon goge saƙon kowa, ya goge da wuri, ya rubuta layi ɗaya na dalili. In ya goge shiru, za a ce son kai ne.

Aminu:
To ina iyakar? Mutane na yi wa nasu rukunin ba'a, abokai na zolayar juna, kowa na jin daɗi. Su ma a tanka?

Hajiya Rabi:
A'a, ɗana. Ka duba abu uku. Wanda ake zolaya zai iya ramawa daidai wa daida ba tare da ya yi asarar komai ba? Ƙaramin ma'aikaci ba zai iya rama wa shugabansa ba, mace ɗaya cikin maza goma ba za ta iya ba. Sannan abin dariyar halin mutum ɗaya ne da aka sani, ko hukunci ne a kan miliyoyin da ba a taɓa gani ba? Na uku, in ya ce ya isa, ana dainawa? Inda ake dainawa wasa ne. Inda aka ce "ashe ba ka da juriya" aka ci gaba, dama can ba da shi ake wasan ba.

Aminu:
In na tanka aka ce min "wasa ne fa, kai ka cika zafi"?

Malama Hadiza:
Kada ka musa cewa wasa ne, kada kuma ka shiga kare kanka kan zafi, duka biyun tarko ne da zai mayar da zancen kanka. Ka ce "na san wasa kake, shi ya sa na ce a canza wani", ka ci gaba da abin da ake yi. In ya sake jefo wani don ya gwada ka, ba sai ka ƙara bayani ba, ka maimaita jimlar farko yadda take. A karo na uku ka tashi ka bar wurin in da hali, ba tare da bugun ƙofa ba, maganar kuma ta koma ta keɓe ko ta mai iko da wurin.